Abin Da Ke Kwance Ƙarƙashin Dusar Ƙanƙara



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, yau zan ɗan kauce wa irin batutuwan da muka saba tattaunawa, in ba ku labarin wani tsauni da na hau ban kai ƙolinsa ba, da wata waya da na shekara uku ina gudun bugawa. Ina fatan mai karatu zai yi haƙuri da ni, domin sai na bi da shi ta cikin sanyi kafin mu iso inda na nufa.

Tun muna Islamiyya aka koya mana wata addu'ar buɗe salla wadda a cikinta bawa yake roƙon Allah Ya wanke shi daga kurakuransa da ruwa da dusar ƙanƙara da ƙanƙarar sama. Ƙanƙarar sama mun san ta, don takan faɗo da farkon damina mu yi ta tsinta muna tsotsa. Dusar kuwa sai dai a hoton kalanda. Sai da aiki ya kai ni Suwizalan sannan na taka ta da ƙafata, kuma cikin 'yan shekaru wani dattijo da muke aiki tare ya koya mini wasan zamiya a kanta, wato mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafafunsa ya gangaro daga tsauni. Da farko a filayen da aka tanada muke yi, inda ma'aikata ke fita da sassafe su tayar da nakiya su zubar da dusar da ake tsoron zaftarewarta kafin a buɗe wa jama'a. Daga baya sai ya fara fita da ni dajin tsauni, inda babu mai gadi, babu shinge, babu keken da zai ja ka sama. Sai dai ka manna wata fata a ƙasan allunanka don kada su zame baya, ka yi ta hawa da ƙarfinka awa uku ko huɗu saboda gangarowar minti ashirin. A can kai ne mai yanke wa kanka hukunci, kuma abin da ya fi kashe mutane a can shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, domin ni ma kafin in koya na ɗauka dusa abu guda ce, fara fat tun daga sama har ƙasa. Ashe hawa-hawa take, kamar tabarmin da aka jera. Duk zubowar da ta yi tana barin shimfiɗarta, kuma kowace shimfiɗa tana ɗauke da tarihin yanayin da ta kwanta a cikinsa. Idan aka yi 'yan kwanaki sama garau da tsananin sanyi, dusa kuma ba ta da kauri, sai ɗumin ƙasa ya riƙa tura tururi sama ta cikinta, ƙwayoyinta su rikiɗe su zama masu kusurwa, ba sa kama juna, kamar sukari. Masana sun ce hakan na faruwa idan bambancin zafi tsakanin ƙasa da sama ya kai kimanin digiri 10 a cikin kaurin mita ɗaya. Haka kuma a daren da babu iska, wata irin raɓa takan daskare a saman dusar ta yi tsiri-tsiri kamar gashin tsuntsu, gwanin ban sha'awa da safe. To, sai sabuwar dusa ta zubo ta rufe wannan mai rauni, iska ta zo ta daddanne ta ta zama falle guda mai nauyi. Mai karatu ya ƙaddara an baza gero a kan daɓen siminti, an ɗora faffaɗan katako a kai, sannan an karkata daɓen. Katakon yana nan zaune, amma taɓawa kaɗan yake jira.

Ke nan abu uku ne ke haɗuwa: falle a sama, shimfiɗa mai rauni a ƙarƙashinsa, da gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa sama, mafi yawa tsakanin 35 da 45. Na huɗun shi ne mai taɓawa, kuma a nan abin mamakin yake, domin cikin mutum goma da dusa ta zaftare da su, kimanin tara su da kansu ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita. Nauyin mutum ɗaya kan karya shimfiɗar mai rauni a wuri guda, karayar ta ruga ta ƙarƙashi cikin ƙiftawar ido, gangare guda ya tsage ya taho da gudun mota a kan babbar hanya. Idan ta tsaya sai ta ƙame kamar kankare, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa. A tsaunukan Alps kimanin mutum 100 ne ke rasa ransu ta wannan hanya kowace shekara, a Suwizalan kaɗai kimanin 20.

Mutanen wannan ƙasa ba su ɗauki lamarin da wasa ba. Tun 1936 ake binciken dusa a tsaunin Weissfluhjoch da ke saman garin Davos, kuma tun 1945 cibiyar da ake kira SLF take fitar da sanarwar haɗarin zaftarewa. A 1993 ƙasashen Turai suka daidaita a kan ma'auni guda mai matakai biyar, daga 1 wato haɗari kaɗan, zuwa 5 wato mafi tsanani. Mutum zai zaci mataki na 4 da na 5 ne suka fi cin rayuka, alhali kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke aukuwa. Dalili kuwa a fili yake: ranar 4 kowa na tsoro yana zaune a gida, ranar 3 kuwa rana na haske, tsauni na kira, haɗarin kuma ba ya ganuwa.

Wata Juma'a cikin watan Fabrairu, da ƙarfe biyar na yamma, sanarwar ta fito da mataki na 3, ta kuma yi gargaɗin cewa akwai tsohuwar shimfiɗa mai rauni binne a gangaren da ke fuskantar arewa, waɗanda rana ba ta cika taɓawa ba. Mu huɗu ne muka shirya fita washegari zuwa kwarin Sertig, kusa da Davos: dattijon nan, da 'yarsa, da wani abokina ɗan Bosniya da muka saba da shi a masallaci, sai ni. Mun yi Asuba ni da abokina a gefen mota, numfashinmu na fita kamar hayaƙi. Kafin mu ɗaga ƙafa dattijon ya tsaya ya gwada na'urar kowa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake yi kullum. Kowannenmu na rataye da wata 'yar na'ura a ƙirji mai aika sigina, a jakarsa kuma akwai shebur da doguwar sandar lalube mai naɗewa. Idan dusa ta binne mutum, sauran za su juya na'urorinsu zuwa nema, su lalubo shi da sanda, su haƙo shi. Wani bincike da aka wallafa a 2024 kan haɗurran Suwizalan na shekara 40 ya nuna cewa waɗanda aka tono cikin minti 10 na farko, sama da kashi 90 cikin ɗari suna rayuwa, amma idan aka kai minti 30 bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Jirgin ceto ba kasafai yake isowa cikin wannan ɗan lokaci ba. Shi ya sa dattijon yake yawan cewa sheburin da ke bayanka na ɗan'uwanka ne, naka yana bayansa. Na daɗe ina jin wannan magana, amma sai ranar nan ta zauna mini.

Mun yi kusan awa biyu muna hawa, muna tsallaka wani fili mai ɗan shimfiɗa, sai na ji ƙasa ta yi wani sauti, wum, kamar an saki numfashin ƙatuwar dabba, kuma na ji dusar da nake kai ta ɗan nutse da ni. Wata siririyar tsaga ta fita daga bakin allona ta yi gaba kamar taku goma. Kowa ya tsaya cik. Wannan sauti shi ne karayar shimfiɗa mai rauni da fitar iskar da ke cikinta. Da a kan gangare mai tsayi muke, da ya riga ya tafi da mu. Dattijon ya ciro shebur ya haƙa rami a wani ɗan gangare marar haɗari mai fuskantar arewa, ya gyara bangonsa sumul, ya riƙa soka hannu yana nuna mana. Saman yana da tauri, sai da yatsa ɗaya yake shiga. Kimanin santimita 70 a ƙasa kuwa sai dunƙulen hannunsa ya shige gaba ɗaya, ya ɗebo wasu ƙwayoyi suka zube ta tsakanin yatsunsa kamar gishiri. Sannan ya yanke wani ginshiƙi mai faɗin santimita 90, ya ɗora bakin shebur a gefe ɗaya ya fara bugawa: goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa, haka ƙa'idar take. Bai kai bugu na goma sha biyar ba sai ginshiƙin ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan a lokaci guda, ya zamo a kan gishirin nan kamar an ja aljihun tebur. Ya ɗago kai ya ce yau ba za mu hau gangaren ƙarshe ba.

A nan ne zan faɗi abin kunyata. Raina ya ɓaci. Na yi wata guda ina jiran wannan rana, na biya kuɗin jirgin ƙasa da masauki, na riga na ƙudurta hoton da zan ɗauka a kan ƙoli in sa a Instagram. Ga shi kuma muna hangen wasu mutum shida can gabanmu sun riga sun shiga gangaren, sawunsu na nan raɗau. Na ce wa dattijon ai ga mutane can suna wucewa lafiya. Ya ce gangaren ya kai digiri 38, kuma ya tuna mini da sauƙaƙƙiyar ƙa'idar da jagoran tsauni Werner Munter ya yaɗa tun shekarun 1990: a mataki na 2 kada ka kai digiri 40, a na 3 kada ka kai 35, a na 4 kada ka kai 30. Ya ƙara da cewa ramin gwaji yana iya hana mutum tafiya, amma ko da ya yi kyau ba ya isa shi kaɗai ya ba da izini, balle yau da sanarwa da sautin ƙasa da rami duk bakinsu ɗaya.

Sai na juya wurin abokina, ina neman mai goyon baya, na ce masa ai mu Musulmi ne, mun san babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce: "Ɗan'uwa, ka manta abin da ya faru a Sarg ne?" Ya tuna mini da labarin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham, ya isa Sarg aka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya shawarci Muhajirai suka saɓa, ya shawarci Ansaru suka saɓa, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa suka haɗu a kan a koma. Da ya sanar da komawa, Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka da raƙumansa a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ya zaɓa da ƙaddarar Allah ya zaɓa. Abokina ya nuna gangaren arewa da sandarsa, ya nuna na kudu, ya ce ga kwarinmu nan mai gefe biyu. Na rasa abin cewa. Na gane cewa tawakkalin da na jawo ba don Allah na jawo shi ba, son zuciyata ne na sa wa rawani. Mai tawakkali na gaskiya shi ne wanda aka umarta ya ɗaure raƙumarsa tukuna, ni kuwa ga igiya an miƙo mini ina turewa.

Muka juya zuwa wani gangare mai sauƙi da ke fuskantar kudu, wanda bai kai digiri 30 ba, muka gangara ɗaya bayan ɗaya da tazara a tsakaninmu. Mai karatu zai so in ce daga baya wancan gangare ya zaftare, don labarin ya yi daɗin wa'azi. To, bai zaftare ba. Mutum shidan nan sun kai ƙoli, sun gangaro suna shewa, mun gan su a tashar mota fuskokinsu cike da annuri. Na zauna a jirgin ƙasa ina cizon yatsa. Dattijon ya lura da ni, ya ce tsauni mugun malami ne, yakan ba ɗalibi kyauta a kan amsar da ba daidai ba. Nauyin mai zamiya ba ya cika ratsawa fiye da kimanin mita ɗaya, saboda haka inda fallen ya yi kauri mutum goma za su wuce lafiya, sai na sha ɗaya ya taka inda ya yi siriri, kusa da wani dutse da ke ɓoye, gangaren duka ya tafi har da sawun waɗanda suka riga shi. Ya ce waɗancan ba su san ko da taku nawa suka tsira ba, kuma abin tausayin shi ne yau sun koyi cewa mataki na 3 ba komai ba ne. Ya ba ni labarin wani mai bincike a Amurka, Ian McCammon, wanda a farkon shekarun 2000 ya bi diddigin haɗurra sama da 700, ya gano cewa da yawa daga waɗanda abin ya rutsa da su suna da ilimi kuma sun ga alamomin. Abin da ya ja su shi ne sabo da wuri, da nacewa kan shirin da aka riga aka yi, da son burge abokan tafiya, da miƙa wuya ga wanda ake gani gwani, da tsoron kada wasu su riga su taka sabuwar dusa, da ƙarfin halin da ganin jama'a ke sa wa mutum. Na ƙirga, na samu huɗu daga ciki a zuciyata a wannan safiya kaɗai.

Malamanmu suna da suna ga wannan hali na tsauni, wato istidraji: a ƙyale mutum yana saɓo yana ganin alheri, har ya ɗauka shirun da aka yi masa yarda ce. Ban ce mutanen nan shida masu saɓo ba ne, Allah Ya tsare ni. Kaina na tuna. A daren nan na kasa barci, ina ta ganin hannun dattijon yana shigewa cikin gishirin da ke ƙarƙashin farar dusa mai kyau. Wannan shimfiɗa tun watan Disamba ta kwanta, cikin 'yan kwanaki kawai, amma duk abin da ya zubo bayanta a kanta ya zauna, kuma yawan abin da aka ɗora bai warkar da ita ba.

Ni ma ina da irinta. Shekara uku kafin wannan tafiya, bayan rasuwar mahaifinmu, Yayana ya sayar da wata gona daga cikin gado ba tare da ya shawarce ni ba. Ina nan ƙasar waje labari ya iso ni a karkace, na hau zauren WhatsApp na dangi, gaban ƙannenmu da matansu, na kira shi maciyin dukiyar marayu. Bai ba ni amsa ba. Bayan wata biyu wata gwaggonmu ta gaya mini cewa kuɗin a jinyar Inna suka tafi, kuma Inna ce ta hana a gaya mini tsananin ciwon don kada hankalina ya tashi a baƙon wuri. Ya kamata ya shawarce ni, wannan gaskiya ne, amma kalmar da na jefe shi da ita ƙazafi ce. Na san haka tun ranar, ban kuma nemi gafararsa ba. Maimakon haka sai na shiga ɗora abubuwa a kai. Na ƙara kuɗin da nake aikawa gida da Salla, na je Umra, na riƙe azumin Litinin da Alhamis, na yi ta rubuta muku nasihohi a wannan shafi. Daga sama komai fari tas. Alhali na san hadisin da Muslim ya ruwaito cewa a waɗannan ranaku biyu da nake azumta ake bijirar da ayyuka, a gafarta wa bayi, amma a jinkirta wa mutum biyun da ke gaba da juna har sai sun shirya. Na kuma san hadisin matsiyacin gaskiya, wanda zai zo ranar Ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan ya yi wa wancan ƙazafi, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan masu haƙƙi har ya ƙare. Shekara uku ina tafiya a kan wannan gangare ban ga komai ba, na ɗauka ya ƙame.

Masana dusa sun ce irin wannan shimfiɗa ba ta da saurin magani. Wani lokaci tana nan har bazara ta narkar da komai, abin da mutum zai iya kawai shi ne ya kauce mata. A nan ne misalin ya rabu da abin da aka buga shi dominsa, kuma alhamdu lillahi da ya rabu, domin tawa shimfiɗar tana da magani, kuma maganin yana cikin aljihuna. Bayan sallar Asuba na buga waya. Ta daɗe tana ƙara, har na so in kashe. Da ya ɗauka na ce: "Yaya, ni ne. Na zalunce ka, na faɗi abin da ba haka ba a gaban ƙannenmu. Don Allah ka yafe mini." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce: "Na ji. Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ka kira Inna, jiya ta yi cigiyarka." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na koma zauren da na yi ɓarnar na rubuta janyewata a gaban waɗanda na yi ta a gabansu, domin tuban abin da aka yi a fili a fili ake yin sa. Ba zan ce mun koma kamar da ba. Har yanzu gaisuwarmu gajera ce, kuma na fahimci cewa wanda ya yi shekara uku yana haƙa rami ba zai cike shi da waya ɗaya ba. Amma yanzu duk Juma'a ina kira, yana kuma ɗauka.

Ya ɗan'uwa mai karatu, mai yiwuwa ba za ka taɓa taka dusar ƙanƙara ba, kuma babu abin da ka rasa. Amma ina roƙonka ka samu wani dare ka haƙa naka ramin, ka soka hannu a shekarunka hawa-hawa, ka ga inda zai shige. Wataƙila bashi ne da ka yi shiru a kansa, ko wata yarinya da ka yi wa alkawari ka watsar, ko wata magana da ka tura a waya wadda ta zubar da mutuncin wani. Kada tsawon lokacin da ka yi lafiya ya ruɗe ka. Kuma ka duba waɗanda kake tafiya da su, ko akwai mai iya ce maka a juya alhali kana son a ci gaba, ko akwai mai ɗauke da shebur dominka. Ni Allah Ya haɗa ni da biyu a rana ɗaya, ɗaya ma ba Musulmi ba ne, kuma dukansu na ji haushinsu kafin in gode musu.

Allah Ya wanke mu daga kurakuranmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin bayinSa tun muna numfashi, Ya jiƙan mahaifanmu, Ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare ni ne. Wanda ya karanta ya sa ni da Yayana a addu'a.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.